Haihuwa ma zancen ƙasa ne

Ƴan uwa masu saurare da masu karatu, na nan Zariya, da na Bagalam, Mokoyo, Sabon Gari, Ali Ɗan Sofo, har zuwa Tibiri da Jiratawa. Wanda ya iya karatu, don Allah shi karanta ma innarshi da matarshi. Maganar tasu ce, kuma da yawansu ba su riƙe da waya.

13 ga Mayu ta matso. Teloli sun fara kwana shago, ana ta ɗinkin zanen ranar mata. Ni ma nawa yana wurin tela, ba zan ɓoye ba. Amma bana ƙungiyarmu ta matan unguwa ta ce ba za ta tsaya ga anko da guɗa ba. Zama uku munka yi a tsakar gidan uwar ƙungiya, munka rubuta abin da muke so gwamnati ta sa gaba a fannin lafiya da jin daɗin jama'a. Ni ke riƙe da bik da kaye, shi ya sa bakina ne kuke ji. Tun takardar ba ta bar unguwa ba an fara saran ta ta ko'ina. Wasu manyan mata sun ce ta yi ƙanƙanta, babu maganar kujeru a ciki. Wasu maza sun ce Turawa ne sunka rubuta mamu. Wani ma'aikaci kuma, mutumin kirki ne wallahi, ya ce mani: “Hajiya, duk abin da kunka roƙa ai an riga an yi shi kyauta.”

Da shi zan fara. Maganarshi ta fi yi mani ciwo, saboda rabinta gaskiya ce.

Tun zamanin marigayi Tandja Mamadou, a 2005, anka ce tiyatar ciro jariri, sezariyen, kyauta ce. A 2006 anka ƙara da awon ciki, da maganin tazarar haihuwa, da jinyar yaran da ba su kai shekara 5 ba. A 2007 anka sa kansar mama da ta mahaifa. Hukumomin yanzu kuma, ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani, sun rage rabin kuɗin ganin likita da kwanciya da awon jini da hoto a asibitocin gwamnati tun daga 1 ga Satumba 2024, sunka ce haihuwa kyauta, sunka soke jika 150 ɗin da masu wankin ƙoda ke zubawa kafin a fara masu. Wanda bai yaba ma wannan ba, bai taɓa zaman jinya ba. Mun yaba, kuma yabon shi ne layin farko na takardarmu.

To amma malam, bari in ba ka labarin dare guda.

Damanar bara ce. Ɗiyar ƙanwata, yarinya ƴar shekara 17, haihuwar fari, tana aure a wani ƙauye can bayan Tibiri. Mijin ya tafi Aljeriya nema. Naƙuda ta kama ta da la'asar, uwar miji ta ce a jira, haihuwar fari haka take. Ta haihu a ɗaki bayan tsakar dare, sai jini ya ɓalle. Anka sa ta a amalanke cikin taɓo zuwa gidan likitan da ya fi kusa. Ma'aikacin da ke wurin, Allah shi saka mashi, ya ba ta ƙwayoyi, ya sa mata ruwa, ya ce wannan ta fi ƙarfina, sai Maradi. Anka kira ambilans. Mota tana nan, direba yana nan, mai ne babu. Jika 15. Duk gidan anka zazzage, ba a haɗa jika 4 ba.

Ƙarfe 2 na dare wayata ta yi ƙara. Direban ya yarda shi ci bashin mai wurin masu kwalba, bisa alkawarin za mu tarbe shi da kuɗi a ƙofar asibiti. Akwatin asusunmu kwaɗo uku gare shi, makullan suna hannun mata uku, akwatin yana gidan ta huɗu. Haka na bi gida gida da tocila ina bugun ƙyaure, karnuka na haushi, mazan mutane na leƙowa suna tambaya lafiya. Munka buɗe akwati a zaure, munka ƙirga, munka rubuta. Da munka isa, anka karɓe ta nan take, ba wanda ya nemi ko dala kafin shi taɓa ta, wannan zan shaida shi har gaban Allah. Amma sai ga ordinans: wannan babu, wancan ya ƙare, a je farmasin da ke gadi. Sai kuma anka ce jini, ku kawo masu badawa. Ɗana da ɗan makwabciyata na tayar. Kafin rana ta fito jika 40 da ɗoriya sun fita daga akwatin talakawa. Ta rayu, jaririn ma ya rayu, alhamdulillahi. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don ba can laifin yake ba.

Yanzu malam ka gaya mani, wannan haihuwar kyauta ce? Kuma wadda ba ta da inna a Zariya mai akwati fa, ita yaya?

Na san abin da mutane ke cewa a bakin famfo: sajfam ɓarayi ne, manjo ya sayar da magani. Akwai ɓata-gari a kowace sana'a, kuma akwai masu zagin mace tana kan gwiwa, wannan ma mun rubuta shi, a daina. Amma in munka tsaya nan mun bar jaki muna dukan taiki. Ga yadda abin ke tafiya. Gidan likita yana sayen magani ne da kuɗin da yake samu wurin marasa lafiya. Da anka ce wane da wance kyauta, sai ya zama shi zai ba da maganin tukuna, shi rubuta takardar bashi, takarda ta hau zuwa gunduma, ta wuce Yamai, sannan gwamnati ta maido kuɗin. In kuɗin ya yi wata shida, ya yi shekara bai dawo ba, da me za a sake cika kanta? Sai kanta ta bushe, sai a miƙa maki ordinans. Ba ni na gano wannan ba. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun daɗe da rubuta shi, tun shekarun farko na tsarin, kuma gwamnatocin da sunka gabata sun sha amsa cewa bashin ya taru masu. An ba mu da hannun dama, rashin biya ya karɓe da hagu.

Shi ya sa abin da munka sa a sama ba sabuwar kyauta ba ce. Cewa munka yi a biya gidajen likita kuɗinsu a kan kari, kuma duk wata uku a faɗi a rediyo, da Hausa, nawa anka biya gundumar Maradi, nawa Madarunfa, nawa Gidan Runji, nawa ya rage. A kafa allo a ƙofar kowane gidan likita, da boko da ajami, a jera abin da ke kyauta da farashin abin da ba kyauta ba. Faransanci a bango ba ya hana a cuci wadda ba ta shiga lakwal ba. Kuma duk dalar da anka karɓa a ba da rasit.

Sai man ambilans. A wurare da dama ana ƙara dala 20 a kan kuɗin ganin likita, wai don asusun jigilar marasa lafiya. Dabara ce mai kyau. Tambayarmu ita ce, wa ke ƙirga shi, kuma gaban wa? Mu da ba mu yi karatun lissafi ba, kwaɗo uku muke sa ma akwatinmu, kuma ba a buɗe shi sai gaban shaidu. A jihar Maradin nan anka haifi Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, kuma daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Duniya ta zo ta koyi riƙon amana wurin matan ƙauyukanmu, amma a kwamitin gidan likitan garinsu sau da yawa mace guda ake sawa don cika ido, ita ma a ba ta aikin shara. Muna so ma'ajin kwamiti ko mai riƙe da makulli guda ta zama mace daga cikin ƙungiyoyin asusu. Su kuma kantomomin da anka naɗa a kan kananan hukumomi su ware kuɗin man ambilans a kasafinsu, layi guda, a rubuce, yadda ake ware na motar ofis.

Maganar jini kuwa, kunya ce ta mu duka, ba ta gwamnati kaɗai ba. Da damana yaran da masassarar cizon sauro ta shanye ma jini suna bukata, masu haihuwa suna bukata, da azumi masu badawa suna raguwa. Matasan da ke cika fada suna shan shayi tun magariba har tsakar dare, in kowace fada ta Zariya za ta kai mutum biyar sau biyu a shekara, da ba a tayar da kowa ƙarfe 3 ba. Aikin hukuma shi ne ta kawo jakunkunan ɗiba da kayan awo da firjin da wuta ba ta yanke mashi, ta kuma zo unguwa da kanta. Aikin limamai su faɗa a huɗuba. Namu mu tura ɗiyanmu.

Kada wani ya ce mani abin ya fi ƙarfin ƙasa matalauciya. A Nijar ɗin nan anka yi wani aiki da duniya ta jinjina ma. Wajen 2015 anka baza tsarin tare zubar jini bayan haihuwa a gidajen likitan ƙasar duka, da kaya masu araha: ƙwayoyin misoprostol, da ƴar balan-balan da ake sawa cikin mahaifa a cika ta da ruwa ta danne jijiyoyi, da wata riga mai matse ƙafafu da ciki don jini shi koma zuciya da ƙwaƙwalwa kafin a kai babban asibiti. Likitocinmu, cikinsu har da Dokta Zeidou Alassoum, sun buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet Global Health a 2023: mutuwar mata ta hanyar zubar jini ta ragu da fiye da rabi. Ina kyautata zaton irin ƙwayoyin nan ne sunka riƙe ɗiyar ƙanwata a hanya. Abin da muke tsoro shi ne a wayi gari ƙwayar ta yanke saboda wanda ke saye daga waje ya janye. Kun ga yadda Amurka ta datse taimakonta a 2025 ba sallama. Kun ga yadda magani ya yi wuya lokacin takunkumin CEDEAO na 2023. Irin waɗannan kaya, kuɗin ƙasa ya kamata shi saye su.

Ku je Danja, nan kan hanyar Ɗan Isa, cikin ƙaramar hukumar Jiratawa. Tun 2012 akwai cibiyar gyaran yoyon fitsari a wurin, a hannun ƴan mishan na SIM. Mata na zuwa daga nesa, wasu sun yi shekaru a ɗaki su kaɗai, miji ya saki, dangi na toshe hanci. Allah shi saka ma masu ɗinkin. Amma yoyon fitsari ba daga iska yake zuwa ba. Naƙuda ce ta kwana biyu, kwana uku, kan jariri ya danne mafitsara har naman ya mutu. Duk macen da ke kwance a Danja shaida ce ta wani dare da ba a samu sajfam ba, ko mota, ko izinin fita. Shi ya sa munka ce a tura sajfam ƙauye kuma a ba ta abin da zai zaunar da ita: ɗaki mai ƙofa, ruwa, fitilar sola, alawus da ke zuwa. Kowa ya san yadda ake yi, a tura yarinya daji, wata uku ta samu takarda ta dawo birni. Ba na ganin laifinta sosai. Ni ma ba zan bar ɗiyata ta kwana ita kaɗai a ɗakin da ba ya kulluwa ba.

To, ku yayyena manyan mata da kunka ce takardarmu ta yi ƙanƙanta. Ba mu manta tarihi ba. Ranar 13 ga Mayu 1991, zamanin Janar Ali Saibou, mata sun cika titin Yamai saboda mace guda tak anka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma ba su koma gida ba sai da anka ƙara masu kujeru. Daga wannan gwagwarmaya anka samu dokar kaso ta 2000, kashi 10 cikin 100 a muƙaman zaɓe da 25 a na naɗi, har a 2019 ta kai 25 da 30. Mun gode ma waɗanda sunka yi tattakin. Amma ku yi mamu adalci. Shekara nawa ana taron ƙara ma juna sani a otal, da lemu da kuɗin zama da hoto a gaban kyalle, ana maimaita kalmomin da innata ba ta san fassararsu ba? Mu ma kujera muke nema. Bambancin kawai, tamu tana kusa da akwatin kuɗin gidan likita da teburin da ake raba kasafin ƙaramar hukuma. In kun samu ta sama, madalla, ku riƙe mamu wannan takarda a can. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, haka kuke faɗa a lasifika. To ga ciwon, da adireshinshi.

Ku kuma iyayenmu maza da kunka ce Turawa ne. Baba, wane Bature ne ya bi ni da tocila? Ku karanta takardar, babu inda munka ƙirga ma kowa yawan ɗiyanshi. Abin da munka ce game da aure guda ne, kuma ba za mu janye shi ba. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 an yi masu aure kafin shekara 18, a jihar Maradi kuwa 89. A wannan binciken mu ne kan gaba a ƙasar duka. Akwai dokar gwamnati ta Disamba 2017 da ta ce a kare yarinya a makaranta har ta kai shekara 16. Cewa munka yi a yi aiki da ita, kuma a taimaki uban da ke son ɗiyarshi ta yi koleji amma kolejin na da nisa: a yi masaukin ƴan mata mai tsaro, a yi makewayi daban, a ba da abincin rana. Uba da yawa ba mugunta ke sa shi aurar da ƴar shekara 14 ba, tsoro ne da talauci. A rage mashi su biyun a gani. Ƙugun yarinya kuwa ba ya jin wa'azi, ba ya jin siyasa. In bai isa ba, bai isa ba. Sannan roƙo guda: duk mai tafiya ci-rani shi bar izini a bayyane, gaban uwarshi da liman, cewa in naƙuda ta zo a kai matarshi likita ba sai an neme shi a waya ba. A Damagaram anka fara makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna irin wannan tsakaninsu. Ba su zama Turawa ba.

Mutanen Tibiri sun fi kowa sanin abin da ke faruwa in ba a saurari uwa ba. Rijiyar burtsatsen da anka haƙa masu a shekarun 1980 ruwanta ya cika sinadarin fuluwo. Fiye da shekara goma ana sha. Ɗaruruwan yara sunka tashi da ƙafafu a lanƙwashe da haƙora jajaye, har ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, FIDH da ANDDH, sunka fitar da rahoto a 2002. Wa ke wanke yaran nan kullum, wa ke goya su? Wa ya fara ganin ƙafar ba daidai take ba? Shi ya sa munka sa layi guda a kan ruwa: a riƙa auna ruwan kowane famfo, a faɗi sakamakon a bainar jama'a.

Tamowa ma mun taɓa ta. Tun yunwar 2005 sunan Maradi ke yawo a duniya da hoton yaro mai ƙashin haƙarƙari a waje, kuma shekara da shekaru likitocin MSF ke riƙe da dubban yara a yankin Madarunfa. Alhali a fadamar Jiratawa zogale kamar a yi yaya da shi, mata ke cira, su ke dafawa, su ke ɗaukowa kasuwa. Ku tambaya sunan wa ke kan filayen. In za a faɗaɗa noman rani, a ware ma ƙungiyoyin mata nasu da takarda.

Saura magana mafi nauyi: ƙasa na cikin yaƙi, kuɗi na tsaro ne. Ba mu ne za a koya ma wannan ba. Mun san abin da ƴan bindiga ke yi a ƙauyukan iyaka na Madarunfa da Gidan Runji, mun ga ƴan gudun hijirar Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, sojojin da ke faɗuwa kuma mu munka haife su. Amma a Afrilun 2001, a Abuja, shugabannin Afirka da kansu sunka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Ba Faransa ta sa su ba. Ba mu kai can ba har yau. Ba mu ce a kai gobe ba. Mun ce a faɗa mamu nawa ne bana, nawa za a ƙara baɗi. Ana cewa zancen ƙasa ne, muna amsawa da ƙarfi, mun zuba namu a asusun ceton ƙasa, a kuɗin waya ma ana cira. To diyaucin ƙasa bai cika ba in abincin yaron da ke fama da tamowa da ƙwayar tsayar da jinin uwarshi suna jiran jirgin wani. Sojan da za a ɗauka nan da shekara 20, yau yana cikin wata mata a bayan Tibiri, kuma tankin motar da za ta ɗauko ta babu mai.

Takardar za mu kai ta hannun kantoma da shugaban gundumar lafiya da fadar gwamna, kuma za mu kai kwafi fadar Sarkin Katsinan Maradi da ta Sarkin Gobir a Tibiri. Kafin nan muna tara shaida. Duk wadda ta haihu daga Satumban 2024 zuwa yau, ko anka yi mata sezariyen, ko ta yi jinyar yaro, in tana da ordinans ko rasit ko ta tuna abin da ta kashe, ta kai ma shugabar asusun unguwarsu. Ba ma son sunan ma'aikaci, ba ma son sunanki in ba ki so. Kwanan wata, abin da anka saya, nawa. Wadda ba a karɓi komi hannunta ba ita ma ta zo ta faɗa, za mu rubuta shi daidai da sauran.

Ita kuwa ɗiyar ƙanwata, akuyarta biyu ta sayar a kasuwar Tibiri ta maido ma akwati jika 30. Saura jika 12, ƙungiya ta ɗaga mata zuwa kaka.